Gemun da Aka Rina

Tun da hantsi Baba ke gaban madubi yana shafa wa gemunsa baƙin rini da tsohon buroshin haƙori. 'Yarsa ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da rigar da ta goge masa, wadda ya sa a fim ɗin da ya yi masa suna shekara talatin da suka wuce. Har yau Jarumi ake kiransa a unguwa, ko da yake tun da gwiwoyinsa suka gaza babu wanda ya sake nemansa aiki.

"Baba, ango za ka zama ne?"

"Kashi na biyu za a yi, 'yar nan. A ƙarshen na farko na ce wa mutanen garin zan dawo. Ba zan dawo musu da furfura ba."

* * *

A wurin ɗaukar fim ɗin, daraktan, wanda bai girmi 'yar ba, ya durƙusa ya gaishe shi. Da ya ɗago sai ya dafe kai.

"Haba Baba, wa ya sa ka? Ai furfurar muke so." Ya ƙwala wa mai kwalliya kira. "Mayar mana da shi yadda Allah ya yi shi."

Aka zaunar da shi a benci ana buga masa farar hoda, daraktan na yi masa bayani. An gyara labarin. Ashe Jarumi ba neman taimako ya tafi ba, tserewa ya yi ya bar garin a hannun azzalumai. Yanzu zai kwanta a gadon ajali, ya miƙa wa sabon jarumi hularsa, shi ke nan.

"Maganata fa?"

"Babu magana, Baba, hawaye kawai. 'Yan kallon yanzu ba su san na farkon ba."

'Yar ta duƙa kusa da kunnensa. "Tashi mu tafi." Ta san sunan nan ne kaɗai abin da sana'ar ta bar masa.

Ya daɗe yana duban kyamarar da ya yi shekaru yana roƙon Allah ya sake tsayar da shi a gabanta, sannan ya kwanta. Sau ɗaya aka ɗauka. Ba a ɗiga masa komai a ido ba.

* * *

Bayan la'asar ta kawo masa ruwa a kwano. Hodar ta fita, ruwan ya yi fari, gemun ya koma baƙi wuluk. Daga waje mai shagon ƙofar gida ya ɗaga murya.

"Jarumi, an dawo lafiya? Yaushe za mu sha kallo?"

Baba ya miƙa hannu ya kifa madubin.