Fuskar Aling Sela a Bango

"Tsaya! Kar ka yanka!"

Nena ta riƙe hannun mijinta, almakashi a buɗe. Mang Doroy ya yi tsaki. Disamba ce, aiki ya sha masa kai. Sana'arsa ke nan a unguwar Tondo: ya sayo tsofaffin zaren fim buhu-buhu, ya yayyanka, ya naɗe su su zama ƙahon da ake busawa da sabuwar shekara.

"Ɗaga wa rana ka gani," in ji ta.

Ya ɗaga. Wata budurwa ce mitsitsiya kamar ƙwayar shinkafa, fure a kunne, tabo a gefen haɓa. Tabon irin na maƙwabciyarsu ne sak.

Allon katako kawai ya raba su da Aling Sela. Tun da ta tare a lungun take cewa ta yi fim a zamanin hoto marar launi, gobara ce ta cinye rumbun kamfanin. Ba wanda ya yarda. Doroy ma ya fi kowa tsiya: "Tauraruwa, yau ma busasshen kifi?" Yanzu asibiti sun maido ta gida, roƙonta ɗaya ne kullum: "Doroy, in ka ga fuskata a buhunka ka kawo. Kar in mutu maƙaryaciya."

Ya faɗa ɗakinta ko takalmi babu.

"Aling Sela, ga ki! Na rantse ke ce!"

Ta ƙura ido, ta ƙura. "Baƙi kawai nake gani, ɗan nan."

Doroy ya fita kamar mahaukaci. Ya fizgo gilashin ƙara girma a teburin mai gyaran agogo, ya ari tocila, yana bin ƙofofi yana bugu. "Ku fito! Don Allah ku zo ku gani!"

Maƙwabta suka cika ɗakin, wasu da murmushin zolaya. Nena ta toshe taga da zane. Numfashin tsohuwar na fita da ƙyar. Doroy ya haska tocila a bayan zaren, ya matsa gilashin gaba, ya dawo da shi baya, gumi na shiga masa ido. Can sai fuska ta fito a bango, ƙatuwa, kai a ƙasa.

"Doroy," in ji Aling Sela a hankali, "ka kifa ni."

Ya yi ta kici-kicin juya zaren, yatsunsa duk gam. Zaren ya faɗi, ya laluba ya ɗauka. Da ƙyar budurwar ta tsaya daidai.

Mai sayar da kifi, wadda ta fi kowa baki, ta dafa ƙirji. "Ita ce. Wayyo, ashe ita ce."

"Kin ji, Aling Sela? Kin ji abin da ta ce?" in ji Doroy.

Nena ba ta ɗago ba. Ta sa tafin hannu ta rufe wa tsohuwar ido.

Ba wanda ya ce a kashe tocilar. Hannun Doroy na rawa, budurwar da ke bango tana ta ɗan motsi.