Kabarin Tarig a Finisiya

Ukasha ya kai matarsa Ummi yawon buɗe ido Finisiya, garin nan na Italiya da aka gina a kan ruwa, ya dawo Alƙahira da hoton wani kabari. Zahra ce ta aike shi.

Zahra Bahaushiyar Sudan ce, 'yar Mai Wurno. Yaƙi ya koro ta da mijinta Hamad da 'ya'yansu maza biyu, suka kama ɗaki biyu a unguwar Hadayek el-Maadi ta Alƙahira, hawa na biyar. Hamad masunci ne. Shekara arba'in ya yi a kan kogi, ya san ruwa kamar yunwar cikinsa. A Alƙahira ba kwalekwale, ba taru, sai tabarma da carbi. Zahra ke fita nema. Tana bin gidajen 'yan Nijeriya a Hay el-Sabi' tana yi wa mata dilka da lalle.

Da babban ɗansu Bakri ya fara zancen tsallaka teku, Hamad ya ce a'a sau ɗaya. Ba ya maimaita magana. Bakri ya bi ta Libiya ba sallama, ya ja ƙanensa Tarig, ɗan shekara sha tara. Bakri ya isa Italiya. Tarig bai isa ba.

Tun daga ranar Hamad bai sake kiran sunan Bakri ba, bai kuma karɓi wayarsa ba. Ita ma Zahra ba ta kiran sunan, amma tata kara ce ta ɗan fari.

Tambaya ɗaya Hamad ya yi mata, bayan sadakar arba'in.

"An binne shi?"

Zahra ta san amsa. Bakri ya gaya mata yana kuka: jirgin roba ya kife, hannun yaron ya suɓuce, ba a sake ganinsa ba. Amma ta san mijinta. Ya sha tsamo gawa a kogi don dangi su sami abin binnewa, ya san abin da kifi ke yi wa ɗan Adam. Sai ta ce, "An tsamo shi, Malam. Yayansa ya kai shi garin da yake aiki, aka yi masa wanka da salla."

Hamad ya ja carbi ya ce, "Ranar da na ga kabarin, ko wani ya gano mini, zan saurari wancan."

Shekara biyu maganar tana nan. Ƙafafun Hamad suka kumbura, numfashinsa ya gajarta. Zahra ta fara tsoron abu ɗaya: tsohon ya mutu da fushin ɗansa a baki. Wanda uba ya tafi bai yafe masa ba, ina zai sa kansa?

Ranar wata Talata tana zana wa Ummi lalle a ƙafa, sai Ummi, wadda ke kiranta Khala, wato inna da Larabci, ta ce, "Khala, yau ki yi mini na kece raini. Finisiya za mu, kwana uku. A jirgin ruwa ake zuwa ko'ina, har shago."

Hannun Zahra ya karkace, zane ya ɓaci. A bayan garin nan Bakri ke wanke kwanuka a wani otal.

Ta jira har Ukasha ya dawo. Bakano ne, karatu ya kawo shi Masar, ya ajiye littafi ya koma raka marasa lafiya asibiti, ya yi ƙiba, ya sayi mota. Zahra ta girme wa uwarsa, amma ta durƙusa a gabansa ta faɗa masa komai, har ƙaryar. Ta ce babban yaron zai tare shi, ya kai shi maƙabartar Musulmi da ke bayan gari. Akwai kaburbura marasa suna. Ya tsaya a kan ɗaya, ya yi addu'a, a ɗauki hoto. Rabin yini ya isa.

"Tamam, Inna," in ji Ukasha, idonsa a kan waya. "Ƙarya don sulhu ai halal ce, mun karanta. Turo mini lambarsa."

Da Hamad ya ji an sami mai zuwa, bai yarda a kai saƙonsa ta bakin mace ba. Ya sa farar jallabiyarsa, ya sauko hawa biyar yana dafa bango, ya hau jirgin ƙasa na metro, ya hau ƙaramar bas. A bakin ƙofa Ukasha ya gan shi, don yana sauri.

"Ustaz, abu uku," in ji Hamad. "Ka karanta masa Ƙulhuwallahu ƙafa sha ɗaya. Ka duba ko an fuskantar da shi alƙibla. Ka ɗebo mini ƙasar wurin, ko cikin tafi ɗaya."

"An gama, Baba."

Suka tafi. Ranar farko Bakri ya kira uwarsa da azahar. "Inna, na ɗauki hutu, tun safe nake tashar jirgin ƙasa. Wayar mutumin tana shiga, ba ya ɗauka."

"Yi haƙuri, gajiyar hanya ce."

Rana ta biyu haka. Zahra ba ta iya karatu ba, amma ta iya buɗe hotunan da Ummi ke sakawa a waya. Ga Ummi a cikin baƙin kwalekwale mai kujerar sarauta. Ga Ummi tattabaru sun sauka a hannunta. Ga Ukasha a kan gada ya rufe fuska da abin dodo mai dogon hanci. Ga ƙafar Ummi da lallen da Zahra ta zana, tana lilo a bakin ruwa.

Rana ta uku saƙon murya ya shigo daga Ukasha: "Khalas, Inna, an gama aikinki." Ta kira Bakri. Ya ce ko ƙeyarsa bai gani ba. Sai ta ce wa ranta, ai mai ilimi ne, ƙila ya nemi wurin da kansa. Ta ce wa Bakri ya kira ranar Juma'a bayan la'asar, babansa zai saurare shi.

Juma'a Hamad ya gayyato dattawa biyu daga masallaci su zama shaida. Zahra ta dafa shayi, ta turara ɗaki, ta fita ta tare baƙin a matakala. Ukasha yana haki.

"Ɗana, ina ka je? Yaron ya ce bai gan ka ba."

"Ma'alish, yi haƙuri, Inna. Kwana uku ne kacal, shi kuma yana can bayan gari, sai an hau jirgin ƙasa. Ga Ummi ba ta ga komai ba tukuna. Amma Allah ya kawo sauƙi. Muna hanyar tsibirin masu hura gilashi, sai ga maƙabarta guda a tsakiyar ruwa, jirgin ma yana tsayawa a ƙofarta. Minti ashirin muka gama."

"Ta Musulmi ce?"

"Kabari ai kabari ne. Na iya ɗaukar hoto, kwantar da hankalinki."

Ya wuce ta ya shiga da sallama.

Aka gaisa. Ummi ta buɗe jaka ta miƙa wa Zahra tsaraba: ɗan kwalekwalen roba kamar yatsa, mai maganaɗisu, na mannawa a firij. Zahra ta karɓa ta yi godiya. Ba su da firij. Ta riƙe shi a hannu don ba ta san inda za ta ajiye ba.

Ukasha ya zauna kusa da tsohon ya ciro waya. Bai fara da kabarin ba. Daga farko ya faro.

"Baba, kai da ka san ruwa, dubi wannan. Gari guda ba mota, ba babur. Mai shara a jirgi, likita a jirgi. In ka buɗe ƙofa ka yi saurin fita, sai a tsamo ka."

Ya yi dariya. Dattawan suka yi murmushin ladabi.

"Ruwan wari yake, Khala," in ji Ummi, "amma a hoto ba a ji."

Hamad ya daure. Ya kalli tattabaru, ya kalli gadoji, ya kalli Ukasha yana lasar abin sanyi. Sau ɗaya ya yi magana, da aka zo kan matuƙin baƙin kwalekwalen.

"A tsaye yake tuƙi, da filafili ɗaya. Wannan ya iya."

Daga nan ya ce, "Ustaz, ɗana fa?"

"Yalla, ga shi."

Zahra ta leƙa ta kafaɗar mijinta. Ukasha ne a tsugune, tabarau a goshi, ya ɗaga hannu biyu. A gabansa gefen wani farin dutse da tsakuwa. Ba a ganin komai bayan haka. Ta saki numfashi.

Hamad ya karɓi wayar da hannu biyu. Ya daɗe yana kallo. Leɓensa yana motsi. Ya shafa gilashin da babban yatsa, kamar mai share ƙura a fuskar yaro. Shafawar ta ture hoton, na gaba ya fito.

Wannan Ummi ce ta ɗauka daga nesa. Ga Ukasha a tsugune a wuri ɗaya. A kan farin dutsen akwai gicciye. A bayansa gicciye, layi layi har bango. Ga gunki mai fukafukai. A jikin dutsen an manna hoton wata tsohuwar Baturiya mai farin gashi.

Dattijo ɗaya ya ce, "Subhanallahi."

Hamad bai ɗaga murya ba. "A cikin waɗannan aka sa ɗana?"

"Baba, ƙasa duk ta Allah ce."

"Wannan matar fa? Tare aka haɗa su?"

"A'a, wato... can wuri ne ke musu wuya, ka san tsibiri ne."

"Ina alƙibla a nan?"

Ukasha ya miƙa hannu zai karɓi wayarsa. Hamad bai saki ba.

"Ina ƙasar da na ce?"

Ummi ta ciro wata 'yar kwalba mai jan zare a wuya. Hamad ya zuba a tafinsa, ya murza, ya shinshina. Baƙa ce, mai laushi, da fararen ƙwayoyi.

"Wannan ƙasar tukunyar fure ce."

"Wurin duk dutse ne, Baba, ina zan tona?"

"Ka karanta abin da na ce ka karanta?"

Ukasha ya dubi dattawan, ya ga yadda suke kallonsa. Mutum ne da ba ya son a ga kasawarsa. Ya gyara zama ya ce, "Baba, kada a mai da ni mai laifi. Taimako na yi. Na bar yawona na shiga maƙabartar kafirai da matata, ko ban gajiya ba a yi mini ba. Tambayi Inna. Ita ta durƙusa ta ce in tsaya a kan kowane kabari in ɗauki hoto, tunda yaron ba shi da kabari."

Daga ƙasa ana jin mai sayar da gas yana buga tukunyarsa da ƙarfe.

Hamad ya juyo ya dubi matarsa. Shekara talatin da biyar suna tare, ba ta taɓa ganin wannan kallon ba.

"Malam," ta ce, "don kada ka tafi da fushinsa ne. Shi kaɗai ya rage mana."

"Shekara biyu ina yi wa kabari addu'a."

"Addu'a tana isa ko'ina, Malam."

"Shekara biyu kina zuba mini abinci kina kallona."

Ukasha ya zare wayarsa ya miƙe. "To, mu za mu wuce, akwai cunkoso a hanya. Ummi, yalla, mu tafi." A bakin ƙofa Ummi ta waiwayo ta ce a hankali, "Khala, Talata fa, lallen ya fara gogewa." Suka sauka.

Dattawan suna neman takalmansu sai wayar Zahra ta yi ƙara. Bayan la'asar, kamar yadda ta ce masa. Ta tsaya tana kallonta.

"Ɗauka," in ji Hamad. "Buɗe murya kowa ya ji. Ku kuma ku zauna, shaida na kira ku."

Ta ɗauka. Muryar Bakri ta fito, a bayansa ana jin ƙarar kwanuka.

"Inna? Yana kusa? Baba, ni ne. Baba, ina wuni."

Hamad ya kakkaɓe ƙasar daga tafinsa a kan tabarma.

"Ina ƙanenka?"

Zahra ta matso da bakinta ta ce, "Ya sani. Faɗa masa."

"Yana ruwa, Baba. Na riƙe shi. Wallahi na riƙe shi har hannuna ya mutu. Ban san lokacin da ya suɓuce ba. Na nema, ba su bar ni na koma ba."

"Na ce maka a'a?"

"Ka ce."

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya."

Dattijon da ya fi tsufa ya ce, "Malam Hamad, ƙaddara ce. Rai na Allah ne, kai ma ga halin da kake ciki. Ka sauwaƙe wa yaron nan."

Zahra ta zube a gabansa, ta kama kumburarriyar ƙafarsa. Ɗan kwalekwalen roban yana cikin tafinta har yanzu, ya huda mata fata ba ta ji ba.

"Baba," in ji Bakri, "don Allah, don Annabi, ka yafe mini."

Hamad ya janye ƙafarsa. Ya sunkuya kusa da wayar don kada wata kalma ta ɓace a hanya.

"Ban yafe ba."