Mai Gadin da Ba Ya Jira

A ofishinmu akwai wani mutum da muke kira Malam A'a, kuma ba a banza sunan ya bi shi ba. Ka kai masa shawara, kafin ka rufe baki ya ce a'a, sannan ya zauna neman dalili. Ya fi kowa daɗewa a kamfanin, shi ne kuma ya rubuta 'yar manhajar da ke tsaye a ƙofar ma'ajiyarmu, inda duk mu masu rubuta manhaja muke tura aikinmu a haɗa shi wuri ɗaya. Mai gadi muke ce mata, don duk abin da ka turo sai ta karanta ta tantance kafin ya shiga. Jinina bai taɓa haɗuwa da na mutumin ba, shi ma ban ga alamar ya damu ba.

Da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, babu wanda zai zauna da shi sai ni. Mama ta daɗe da rasuwa, Yayana kuma yana can wani gari mai nisa, shi da iyalinsa a ɗakuna biyu. Na je na roƙi Manaja ya bar ni in riƙa aiki daga gida. Ya yi ta juya biro a hannu, ya ce ba a taɓa yi ba, amma a gwada. Na ja tebur na kai gindin tagar falo, na jingina wayata a jikin ƙarfen tagar, don nan ne kaɗai sabis yake ɗan leƙowa. Ƙofar ɗakin Baba kullum a buɗe take, ina aiki ina jin numfashinsa.

Aikin kansa bai taɓa gagarata ba, turawar ce ta zame mini ƙarfen ƙafa. In gyaran ƙarami ne, sai ya wuce sumul. In na tara aiki mai ɗan kauri, sai ya kama hanya, ya yi nisa, sannan mai gadi ta yanke layin ta ce tsawon ƙunshi ba daidai ba ne.

Yadda abin yake, kwamfutata ba ta zuba wa sabar kamfani, wato babbar kwamfutar da ma'ajiyar take ciki, aikin gaba ɗaya. Ƙunshi-ƙunshi take aika shi, kuma a kan kowane ƙunshi akwai haruffa huɗu da ke faɗin tsawonsa, har da su kansu a cikin lissafin. Mai karɓa ya karanta huɗun nan, ya san iya abin da zai ɗiba, ya ɗiba, sannan ya dubi huɗu na gaba. In ya ga sifiri huɗu, mai aikowa ya gama magana ke nan. Tsari ne mai sauƙi, shi ya sa da aka ce lissafin nawa ne ba ya fita daidai, kowa ya ɗauka daga wurina ne.

Dokar kamfani ta hana a tura aikin mutane ta wata hanya daban. Don haka na koma yanka aikina ƙanana-ƙanana, in tura wannan, in jira, in tura wancan. Rabin yinina a nan yake tafiya, ga Baba da wanka da magani da juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Na fara zama baya a komai. A taron da muke yi ta waya, Manaja ya ambaci sunana a gaban kowa, ya ce ni kaɗai nake riƙe wa mutane aiki. Bayan taron ya kira ni.

"Malama, ni ban ce ba kya aiki ba," in ji shi, wanda kowa ya san in an faɗi haka an riga an ce. "Amma abin da bai shiga ma'ajiya ba, a wurina ba a yi shi ba. Zuwa ƙarshen wata, ko ki dawo ofis, ko mu san yadda za mu yi."

"Yallaɓai, wa zan bar wa mahaifina?"

"Allah ya ba shi lafiya. Ki yi tunani dai."

In na koma ofis, babu mai ba Baba ko ruwa. In na rasa aikin, babu abin da zan riƙe shi da shi. Na ɗauki waya na kira Malam A'a, duk da na san amsar.

"A'a," ya ce. "Mai gadi lafiyarta ƙalau. Shekara da shekaru kowa yana turawa, ba wanda ya taɓa kuka. Kwamfutarki za ki duba."

"Na duba, Malam. Na goge komai na sake sakawa."

"To ba ki duba da kyau ba."

Nan raina ya ɓaci. Na ce masa tunda a kan kujerarsa komai lafiya yake, ya taso ya zo ya gani da idonsa, in ba haka ba ya daina yanke wa mutane hukunci daga nesa. Na kashe wayar. Na ce a raina shi ke nan, na ƙara wa kaina maƙiyi.

Ranar hutu da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe na ga mutumin nan tsaye, jakar kwamfuta a kafaɗa, ledar lemo a hannu, fuskar nan a murtuke kamar an aiko shi karɓar gaisuwa. Ya miƙo mini ledar ya ce ta mai jiki ce, ya tambayi inda teburin yake.

Da kwamfutata ya fara, ya bincike ta ciki da waje yana ƙananan tsaki. Bai samu komai ba. Sai ya fito da tasa, ya haɗa ta da wayata, ya ce bari ya nuna mini yadda ake yi. Ya tura wani aiki mai kauri. Muka zuba ido, ya yi nisa, sai mai gadi ta yanke layin, ta ce masa shi ma tsawon ƙunshi ba daidai ba ne. Allah ya sani na ji daɗi har cikin raina. Ya sake, ta sake korarsa. Ya shiga sabar ya duba abin da mai gadi ta ɗauka a matsayin tsawo, sai ga wasu haruffa huɗu daga tsakiyar aikin, waɗanda ba ma lambobi ba ne. Ya yi tagumi yana kallonsu.

Muna cikin haka Baba ya kira ni. Tun da ciwon ya same shi maganarsa a gutsure take fitowa, kalma ɗaya, sai hutu, sai wata. Na tashi, Malam A'a ma ya biyo ni don ya gaishe shi.

"Uwata," in ji Baba, don haka yake kirana. "Ba ni..."

Kafin in motsa Malam A'a ya sure kofin ruwa daga kan durowa ya kai masa baki. Baba ya kawar da kai.

"Malam, bai gama ba," na ce. "Ba a cika masa magana, jiransa ake yi."

Muka tsaya. Baba ya tattaro ƙarfinsa, leɓensa yana rawa.

"Hulata," ya ce. "Ga baƙo."

Na ciro hular daga jikin ƙusa na sa masa, na gyara mata zama. Sai a lokacin ya miƙa wa baƙon hannunsa mai lafiya. Malam A'a ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa ya jiki, amma na lura hankalinsa ya riga ya bar ɗakin. Har muka fito kofin yana hannunsa, sai da na karɓa.

Ya zauna ya buɗe rubutun manhajar mai gadi, ya gangara zuwa wani wuri ya tsaya.

"Zo ki gani," ya ce ƙasa-ƙasa. "Nan ne. Ta karanta tsawo, ta nemi layi ya ba ta adadin. Layi ya ba ta abin da ya iso, ita kuma ta ɗauka shi ke nan, ta wuce neman tsawo na gaba, alhali ragowar tana hanya. A ofis layinmu yana da gudu, ƙunshi a cike yake isowa, shi ya sa ban taɓa gani ba. Naki a gutsure yake zuwa." Ya share goshi. "Ni na rubuta wannan da hannuna."

Gyaran bai kai layi goma ba. Ya sa ta ta riƙa ɗiba tana ƙirgawa, ba za ta matsa ba sai adadin ya cika, in kuma layi ya mutu a tsakiya ta faɗi gaskiya cewa layi ne ya mutu. Ya gwada, ya ɗora a sabar, ya turo mini kujerata da ƙafa. Na tattara duk aikin da ya taru mini na tura a dunƙule. Ya tafi a hankali, yana tsayawa yana ci gaba, har sifirin nan huɗu suka wuce, ma'ajiya ta ce ta karɓa. Na rufe fuskata da mayafi don kada ya ga hawayena.

Na ɗauka iyakar abin ke nan, kuma da ya tsaya nan ma ya gama mini komai. Yana iya komawa ofis ya ce an samu 'yar matsala an gyara, babu wanda zai tona. Sai na ga ya ciro wayarsa ya kira Manaja, ya buɗe murya yadda zan ji. Ya zayyana masa komai, bai rage wa kansa ko kaɗan ba.

"To, Malam, ai kowa yana kuskure," in ji Manaja. "Tunda an gyara, a bar maganar."

"A'a," ya ce. "Ba kowa ba, ni ne. A gaban mutane aka ce ita take riƙe aiki, a gaban mutanen za a ce ba ita ba ce. Kuma maganar dawowarta ofis ta mutu, ko?"

Manaja ya yi 'yar dariyar kunya, ya ce ta mutu, a gaida mai jiki. Tunda nake da mutumin nan ban taɓa jin a'ar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba.

Na raka shi bakin ƙofa ina ta godiya. Ya ɗaga hannu ya ce in bar shi haka nan, shi ma ya ƙaru, kuma in daina kashe wa manya waya a kunne. Har yau ina yi masa addu'a, shi da iyalinsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Da na dawo na shiga canza wa Baba zanen gado. Na sunkuya zan soke gefen zanen, sai ƙafata ta bugi wani abu a ƙarƙashin gadon. Tsohuwar jakar tafiyarsa ce, a cike, zif ɗin a rabi. Na jawo ta. Rigunansa ne a cukurkuɗe, da rediyonsa, da takalmi ƙafa ɗaya. Duk abin da hannunsa zai iya kaiwa daga kan gado ya tura a ciki.

"Baba, mene ne wannan?"

Ya ƙi kallona. A hankali, da ƙyar, ya gaya mini ya ji wayata da Manaja tun ranar. Ya sa maƙwabciyarmu ta ciro masa jakar lokacin da na fita sayen magani, kuma yana shirin a kira Yayana ya zo ya tafi da shi, ko a tsakar ɗaki ne ya kwanta, don kada in rasa aikina saboda shi.

Na zauna a bakin gadon na riƙe hannunsa. Na ce masa an gyara, aikina yana nan, shi ma yana nan. Ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. Na zazzage jakar a kan gado, na fara ninke rigunan ɗaya bayan ɗaya ina mayar da su cikin durowa.