Baban Guguwa Ya Daina Zagi

"Kada ki ɗaga ni, Tela, numfashi nake nema," ya ce. Yana zaune a tsakiyar matattakala, ledar magani a cinyarsa. Leɓɓansa sun yi fari fat, ƙafafunsa sun kumbura har silifas ya nutse a cikinsu.

Baban Guguwa muke ce masa. Shi ke rubuta labarin Guguwa, jarumin nan mai tashi sama wanda harsashi ba ya hudawa, da ake bugawa da zane-zane duk wata. Ɗakinsa na saman shagon ɗinkina. Shekara da shekaru ina jin takunsa a kaina, yana kai da komo yana zage-zage. Ba mutum yake zagi ba, Guguwan yake zagi.

"Gari guda an saki baki ana kallon sama, ana jiran ƙato mai kamfai a kan wando!" Haka yake cewa duk ranar da ya sauko in ɗinke masa aljihu. "Zaman jira muke koya wa yara."

"To ka daina mana, Baba."

"In daina in ci me? Ɗan banzan nan shi ya yi wa 'yata makaranta."

Tun daga ranar matattakalar takun ya ragu, daga baya ya ɗauke. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali, zagin ma ya ɗauke. Sai in tsayar da keke in kasa kunne, ba abin da nake ji sai tari da jan kujera. 'Yarsa tana aure a nesa, ya kuma hana ni kiranta, wai jego take yi.

Ranar da mai zanen ya zo karɓar labarin wata, wani dogo marar magana da suka daɗe suna aiki tare, na hau kai ruwan zafi. Na tarar an rufe taga, ɗakin na warin man zafi. Baba na kan kujerar roba, don kwanciya ta gagare shi, da ya miƙe sai ƙirjin ya toshe.

"Wannan karon Guguwa zai makara," yake cewa. "Gini ya rufta, maƙwabta su tono mutanensu da hannu."

"Yaya, kamfani ba za su buga ba. Sau nawa muna gwadawa?" in ji mai zanen.

Na ajiye butar na ja gefe, ina jiran ɗakin ya kama da wuta kamar yadda aka saba. Sai Baba ya dubi ƙafafunsa.

"To, ya iso da wuri," ya ce. "Ka sa masa murmushi."

Mai zanen ya ɗago ya dube ni, na dube shi. Ina sauka na kira 'yar.

Washegari da rana tsaka na ji wani abu ya bugi dabe a kaina. Na haura a guje, ashe kofi ne ya suɓuce masa, shi kuma ya langaɓe a kujera, idanu a buɗe. Na ƙwala wa mai gyaran fanka da mai kanti kira. Matattakalar ta yi ƙunci, sai suka ɗauko shi da kujerar gaba ɗaya, ina biye ina riƙe da kansa.

"Ku bi a hankali," ya ce, da ƙyar muke ji. "Ni ba na tashi sama."

Mai kanti ya fara dariya, ya haɗiye ta. Muka sa shi a tasi. Ba a kai ƙofar asibiti ba ya cika, kansa a kafaɗar mai gyaran fanka.

Da yamma 'yar ta iso da goyo a baya, ta riga ta ji a hanya. Kujerar na nan a bakin titi inda muka bar ta, ba wanda ya iya mayar da ita sama. Ta tsaya tana kallonta. Da jaririn ya fara kuka, sai ta kwanto shi, ta zauna a ciki, ta ja mayafi ta rufe su duka biyun.