Ranar da Kainuwa Ta Kai Rabi

"Ɗaga zanen in gani," na ce wa Atika, da laujena a hannu, don kan hanyar fadama nake na biyo.

Ta ɗaga. Baƙin da ya faro daga babban yatsan ƙafar mijinta, Malam Ɗanmaliki, inda ƙaya ta soke shi mako biyu da suka wuce, ya kai idon sawu. Ciwon suga ya hana wurin warkewa. Ɗakin yana wari, amma duk muka yi kamar hancinmu ya toshe.

Katanga ɗaya ta raba gidana da na Malam Ɗanmaliki a Lafagu. Shekara talatin ya yi yana koyar da lissafi a firamare, da ya yi ritaya sai ya mai da mu ɗalibansa ƙarfi da yaji. Ba ka isa ka wuce ƙofarsa bai ɗana maka tambaya ba, irin mai kama da sauƙi, ka amsa da gadara ka sha kunya. Kuma bai taɓa gaya wa kowa amsa ba.

'Ya'yansa suna ci-rani can cikin Benin. Babur ɗina ne kaɗai a layinmu, ni kuma na ɗauki alkawarin kai shi asibiti Bagudo. Sai dai kogi yana cikowa, shinkafata tana tsaye a bakinsa.

"Malam, ko ƙwabri bai kai ba," na ce. "Ba ni kwana ukku in tsamo shinkahwag ga, ran Alhamis mu tahi."

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki.

"Namadi, kainuwa ta hito cikin tabki. Kullum tana ninka kanta. Kwana talatin ta ruhe tabkin duka. Wace rana tak kai rabi?"

"Sha biyar mana."

"Sake tunani."

"In na dawo, Malam."

Na fita ina dariya. Na ce a raina, mai ƙarfin tsokana ai da sauransa. Na manta cewa dattijo irinsa ba ya roƙon maƙwabci abu sau biyu.

Ran Laraba da hantsi na hango Atika tana ratso laka ba takalmi. Na yar da lauje na bi ta gida.

Baƙin ya wuce gwiwa. Muka ɗora shi bayana a kan babur, ta ɗaure mu tare da zanenta kamar goyo. Zafin jikinsa har ƙona min baya yake. Mun yi nisa muna faɗawa ramuka sai na ji bakinsa a kunnena.

"Ashirin da tara, Namadi."

"Mi kac ce, Malam?"

"Ran ashirin da tara taka kai rabi. Ka ga rabin ruwa hwari tas, ka ce akwai lokaci. Gari na wayewa ta ninka."

Wannan ce amsar farko da ya taɓa ba ni. Ba faɗa a muryarsa, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Can sai kansa ya yi nauyi a kafaɗata, hannuwansa suka saki rigata. Na sani, amma ban tsaya ba. Na ci gaba da tuƙi har Bagudo ina kiran sunansa, don in na tsaya dole in kwance zanen.

Shinkafar ta tsira, tana nan cikin ɗaki. Har yau in an tuƙa tuwonta sai in ture kwanon. Atika ba ta taɓa tayar min da maganar ba. Tana amsa gaisuwata ta bayan katanga, a gajarce.

Ran sadakar bakwai na bi ta bakin tabkin da ke bayan maƙabarta. Kainuwa ta ci rabinsa. Ɗaya rabin yana nan fes, wata balbela tana tsaye a ciki da ƙafa ɗaya.