Kumfa a Ƙarƙashin Gilashi

Mako uku na yi ina zana iska a littafina, ina kuma ji da kaina.

A shekarar farko ta karatun ilimin halittu, aikinmu na ranar Talata shi ne mu ɓare 'yar fatar albasa, mu shimfiɗa a kan gilashi, mu ɗiga ruwa, mu rufe da wani ɗan gilashi siriri kamar farce, sannan mu leƙa a na'urar hangen ƙananan halittu. Ni duk leƙawar da na yi sai in ga wasu zagayayyun abubuwa masu baƙin baki, gwanin kyau. Na zana su tsaf, har da inuwa.

Mai kula da ɗakin gwajin wata dattijuwa ce da muke kira Kar-a-taɓa, don kalmar da ta fi yawa a bakinta ke nan. Ita ta tsaya a kaina ta ɗaga littafin.

"'Yata, wannan fa?"

"Ƙwayoyin halittar albasa, Malama."

"Kumfa ce. Iska kika rufe a ciki. Amma kin iya zane, ba laifi."

Ajin ya kwashe da dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Saura kwana tara jarrabawar gwaji, kuma duk wanda ya faɗi ta sai ya maimaita shekara. Na sake haɗawa sau shida a ranar. Sau shida kumfa ta fito tana kallona.

Da la'asar Mama ta aike ni in kai wa Baba abinci. Baba yana da ɗan tebur a bakin titi ƙarƙashin laima, aikinsa manna gilashi a fuskar waya. A makaranta idan an tambaye ni, cewa nake yana harkar wayoyi, in bar mutum ya hango babban kanti. In muna tafe da ƙawaye kuwa, ba na bin wannan titin. Kunyar teburin nake ji, kuma na san ban kyauta ba.

Ko buɗe kwanon bai yi ba ya dube ni. "Uwata, wa ya taɓa min ke?"

Na so in ce ba komai, sai hawaye suka riga ni. Na faɗa masa duka, ina haɗawa da kalmomin aji don ya san abin ba ƙarami ba ne. Ya saurara har na gama, sannan ya yi dariyar da ta ƙara min haushi.

"Kumfa? Shekara goma sha biyu muna kokawa da ita a teburin nan. Yaya kike ɗora gilashin?"

"Sakin sa nake daga sama."

"To kin faɗo wa iska a ka, ina za ta bi? Matso."

Ya ɗauko wata matacciyar waya, ya ɗiga mata ruwa, ya zaro guntun gilashi daga kwalin fasassu. "Kafa gefe ɗaya tukuna. Tare ɗayan da allura. Yanzu kwantar a hankali, ki bar mata ƙofa ta fita da mutuncinta." Ruwan ya bi ƙarƙashin gilashin sumul, daga wannan gefe zuwa wancan.

Haka dai littafinmu ya ce a yi, na karanta ya fi sau goma. Amma sai da Baba ya dafa bayan hannuna da yatsunsa masu kaushi na gane cewa sauri nake yi saboda tsoro.

"Kina riƙe numfashi," ya ce. "Sake shi. Gilashi ya san mai tsoron sa."

Kwana takwas ina zuwa teburin nan bayan darasi. Masu kawo waya suna tsokanata wai Baba ya samu magajiya. Da farko ina sunkuyar da kai, daga baya ni ke miƙa masa ƙyallen gogewa.

Ranar jarrabawa ta zo. Na saki numfashi, na kafa gefe ɗaya, na kwantar. Da na leƙa, babu zagayayyun ƙawayena ko ɗaya. Ɗakuna na gani jere reras kamar ginin bulo, kowanne da ɗan ɗigo a ciki. Ashe abin da kowa ke gani ke nan tun makon farko.

Kar-a-taɓa ta leƙa ta daɗe. "Wannan hannun ba a nan aka koye shi ba. Wa ya koya miki?"

Ƙawayena biyu suna gefena, kunnuwansu a buɗe.

"Babana ne, Malama. Gilashin waya yake mannawa a bakin titi, kusa da tasha."

"Ki ce ina gaishe shi," ta ce, ta yi maki a takardarta ta wuce.

Ban tsaya cire farar rigar ɗakin gwaji ba na nufi teburin. Tun daga nesa ya miƙe.

"Kumfa nawa?"

"Ko ɗaya, Baba. Na ci."

Na zana masa abin da na gani a wata 'yar takarda. Ya riƙe ta nesa da idonsa, ya matso da ita. "Duk wannan a cikin albasa? Allah mai iko."

Sai ya goge kusurwar teburin da hannun riga, ya shimfiɗa takardar inda duk mai kawo waya zai gani. Ya ɓare sabon gilashi, mafi girma a cikin kayansa, don ya rufe zanen da shi. Na ga yatsunsa na rawa, abin da ban taɓa gani ba. Ya miƙo min.

"Ke kwantar, Uwata. Yau ni zan sa kumfa."