Firizar Gidan Tanimu

Tanimu ne ya fara jin ƙarar. Yana kishingiɗe a tabarma a barandar gidansa da ke Kontagora, da hantsi, zafin bazara ya fara dukan kwanon rufi, sai firizar da ke jikin bango ta yi wani gurnani can ƙasa-ƙasa. Ta ɗan jima tana nishi, sannan ta ce ƙyas, ta yi shiru. Ya kasa kunne. Bayan minti uku ta sake yin haka. Ya san wannan ƙara kamar yadda ya san muryar 'ya'yansa. Kwamfuresa ce, injin da ke sa firiza sanyi, take son tashi ta kasa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran firij a shagonsa na bakin kasuwa. Har daga Mashegu da Sahon Rami ake ɗauro masa firij a bayan mota. Bara da damina ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a tsakiyar shagon. Hannun dama ya mutu, ƙafar sai dai ya ja ta, harshen kuma ya yi nauyi. Magana tana nan tsaf a kansa, amma da ta iso baki sai ta dagule. Abin da ya rage masa sarai bai wuce "to" da "a'a" da "Allah" ba, sai "Sali", yadda yake kiran babbar 'yarsa Salihatu.

Ita ce ta baro Mashegu da yardar mijinta ta dawo jinyarsa, don mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa. Da kunun aya da zoɓo take riƙe gidan. A wannan makon maƙwabciyarsu Hajja ta ba ta aikin kunun ayar sunan jikarta, gobe da safe za a zo ɗauka. Kwana biyu Salihatu tana jiƙo da markaɗe da tata, har yatsunta suka yi fari. Yanzu robobin suna jere a cikin firizar har baki.

"Sali," in ji shi. "Sali!"

Ta fito daga kicin tana goge hannu da zani. "Na'am, Baba. Ruwa?"

"A'a."

"Bayi za ka?"

Ya ɗaga hannun hagu ya nuna firizar. Ta je ta ɗaga murfin, ta tura hannu ciki. "Da sanyinta, Baba. Ko kunun kake sha'awa? Bari na ɗumama maka shayi dai, likita ya hana ka mai sanyi."

Ta koma kicin. Firizar ta yi nishi, ta ce ƙyas. Ya yi ta kiranta har sau huɗu, kowane zuwa ta gyara masa matashi ko ta matso masa da buta. Sai bayan azahar, da ta je ɗauko zoɓon wani mai saye, ta tarar ƙanƙarar jikin firizar ta zama ruwa. Ta tsaya da murfin a hannu, ta juyo ta dube shi.

"Wayyo Baba. Abin da kake ta faɗa min ke nan tun safe?"

"To," in ji shi, ya rufe ido.

Ta kira Francis a waya. Shi ma mai gyaran firij ne, shagonsa yana hanyar tasha, kuma tun da Tanimu ya kwanta yawancin mutanensa can suka koma. Ya iso a kan babur da jakar kayan aiki, ya durƙusa ya gaishe shi. "Oga Tanimu, yaya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Sannan ya jawo firizar daga bango, ya maƙala mita a waya, ya jira injin ya yi nishinsa. Ya dubi mitar, ya taɓa injin da bayan hannu, ya girgiza kai.

"'Yar'uwa, wannan ya cije. Ba zai tashi ba. Sai an sa wani."

"Yau ɗin nan?"

"Ina! Girman wannan babu shi a garin nan yanzu. Sai na aika Minna. Kwana uku, in an yi sa'a."

Tanimu yana kallon komai daga tabarma. Francis bai buɗe ɗan murfin da ke gefen injin ba. A ciki akwai rile, wani ɗan baƙin abu da bai kai akwatin ashana ba, shi ne ke tunkuɗa injin ya tashi. Sau nawa aka kawo masa firij an ce inji ya mutu, ya canza wannan ɗan abin kawai, mai shi ya koma gida yana sa albarka? Ya tattara duk ƙarfinsa a harshe.

"Le," in ji shi. "Le... le."

Francis ya waiwayo. "Me Oga yake cewa?"

"Ina jin lemo yake so," in ji Salihatu, hankalinta na kan robobin. "Anjima, Baba."

Ya buga tabarma da tafin hannu. Francis ya ɗan tsaya, kamar zai matso, sai wayarsa ta yi ƙara, wani mai kifi ne ke jiransa. Ya ce gobe da safe zai dawo ya cire injin, ya yi sallama ya tafi.

Salihatu ta shiga kiran masu ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce ta ƙare tun safe, da wannan zafin wa zai bar ta ta kai azahar. Ta leƙa gidaje biyu, firij ɗinsu ƙanana ne, kuma a cike. Da ta dawo ba ta ga mahaifinta a tabarma ba. Ya ja jiki da gwiwar hannu, ya ratsa barandar duka, yana zaune a bayan firizar, rigarsa ta yi sharkaf da gumi, gwiwarsa ta goge tana ɗan jini.

"Innalillahi! Baba, me ya kai ka?"

Ya ɗora yatsa a kan ɗan murfin, ya dube ta, ya sake buga shi da yatsa.

Ta durƙusa kusa da shi. "So kake na buɗe nan?"

"To."

Ya nuna soket, ta zare wayar. Ya nuna ɗakinsa, ta jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, wanda ba a buɗe ba tun ranar da aka kwaso kayan shago. Ta riƙa ɗaga kayan aiki ɗaya-ɗaya yana cewa a'a, har ta kai ga sukundireba mai faɗin baki. Ba ta taɓa riƙe irinta ba. Sau biyu tana zamewa, sau ɗaya ta yanke ta a yatsa. Da murfin ya fita, Tanimu ya kama wuyan hannunta ya kai kan ɗan baƙin abin, ta ja, ya fito. Ya karɓa ya girgiza shi a kunnensa, sannan a kunnenta. Yana ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani.

"Ya fashe a ciki?" in ji ta.

"To! To!"

Rabon da ta ga haƙoransa a waje haka tun kafin ciwon. A ƙasan akwatin akwai gwangwanin madara cike da irin wannan abu. Ta juye masa a cinya, ya riƙa ɗauka yana girgizawa yana ajiyewa, har ya sami wanda bai yi ƙara ba. Ta sa shi a juye, ya ce a'a. Ta juya, ya shige daidai a kan 'yan ƙarafunan da ke jikin injin. Ta yi bisimilla ta mayar da waya a soket.

Babu abin da ya motsa. Ta danna makunnin fitilar baranda, ita ma shiru. An ɗauke wuta.

Suka zauna nan a ƙasa, bayan firizar, suna jira. Ta wanke masa gwiwa, ta yi masa fifita da murfin kwali. Ba ta yarda ta buɗe firizar ba, kada sauran sanyin ya fita, amma ruwa ya fara ɗiga ta ƙasa yana bin siminti. Aka kira la'asar, ta yi masa alwala, ta yi tata sallar a gefensa. Inuwa ta tsallake tsakar gida. Sai wajen ƙarfe biyar fitilar ta kawo.

Injin ya ɗauki nishi. Tanimu ya riƙe numfashi yana jiran wannan ɗan karkarwar da ke nuna ya kama. Nishin ya yi tsawo, ya yi tsawo, sannan ƙyas.

"Ko wutar ce ba ƙarfi?" in ji Salihatu.

Fitilar tana haske tar. Ya nuna mata ƙaramar taɓaryar dakan yaji da ke bakin kicin, ya kwatanta da hannu. Da injin ya sake nishi ta ƙwanƙwasa masa a gefe. Wani lokaci hakan kan saki injin da ya maƙale. Ta buga a hankali, ya yi mata alama ta ƙara. Ta ƙara. Ƙyas. Suka jira ya huce, suka sake, har sau biyar.

A na ƙarshe ya ɗora tafin hannunsa a kan injin. Zafi ya ƙona shi, amma bai janye da wuri ba. A ƙarƙashin hannunsa babu abin da ke juyawa. Nan ya gane cewa cijewar injin ce ta fasa rilen farko, kuma in aka ci gaba wannan ma zai bi shi. Francis ya yi gaskiya.

Salihatu ta matso da gwangwanin madarar. Idonta a kansa yake, irin kallon da take masa tana ƙarama in ya dawo daga shago. "Sai me kuma, Baba? Me za mu canza? Nuna min kawai, zan iya."

Ya so ya ce mata ta yi ƙoƙari, hannunta ya fi na wasu da ya koya wa aiki. Ya so ya ce ta yafe masa yinin da ya cinye mata, da ta yi amfani da shi wajen neman inda za ta kai kayanta. Bakinsa ya motsa, yawu ya zubo ta gefe.

"A'a," in ji shi.

Ta goge masa baki da gefen zaninta. Ta zare wayar daga soket, ta buɗe firizar, ta ɗauko roba ɗaya ta kurɓa. Ta tofar a kwata. Ta gwada wata daga can ƙasa, ita ma ta fara tsami. Ta ɗauki mayafi ta nufi gidan Hajja.

Ba ta daɗe ba ta dawo. "Ta ce ba komai, za su sayi lemon kwalba," in ji ta, ba tare da ta dube shi ba. Daga nan ta jawo bokiti ta fara kwance robobin tana juyewa. Yana zaune yana jin ƙarar zubar kunun har aka kira magariba.

Washegari da safe Francis ya zo da abin yankan bututu. Da ya sunkuya ya ga an taɓa wurin, ya ɗago. "Wa ya canza rile?"

"Ni ce. Baba ya nuna min."

Ya dubi Tanimu, ya sosa ƙeya. "Ashe abin da Oga ke faɗa jiya ke nan. A yi haƙuri, ban gane ba." Ya yanke bututun, gas ya fita da huci, ya kwance injin ya ɗaure a bayan babur. Sannan ya tambayi Salihatu wanne zai sa a kawo, sabo ko na hannu.

Ta juya wajen mahaifinta. Francis ya durƙusa a gabansa ya miƙa yatsu biyu. "Oga, wannan sabo, wannan na hannu. Taɓa ɗaya."

Tanimu ya daɗe yana kallon yatsun. Amsar ba ta yatsa ɗaya ba ce. Tsohon inji mai kyau ya fi sababbin da ake kawowa yanzu ƙarko, amma sai an jona shi a gabanka, ka ji ƙararsa da kunnenka, ka toshe bakin bututun da yatsa ka ji ƙarfin iskarsa. In aike za a yi a ɗauko a makance, gara sabon. Ya buɗe baki, ya rufe. Suna jiransa. Ya taɓa yatsa na biyu, da niyyar ya biyo da sharaɗin a gwada tukuna.

"Shi ke nan, na hannu," in ji Francis, ya miƙe ya tada babur.

Tanimu ya ɗaga hannu yana nuna kunnensa, a fara jin ƙarar injin kafin a saya. "Sali," in ji shi. "Sali." Ta riga ta bi Francis zaure don ta riƙe masa ƙofa.